Kafin ka zuba kuɗinka a babban kanti

Jekadafari, Gombe.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da sanyin Ingila da kullum kake kuka da shi. Ranar Juma'a na leƙa wajen Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida da kanta. Ta ce in gaya maka maganin da ka aiko ya karɓe ta.

Na saurari saƙonka. Ka ce idan Allah ya dawo da kai kana son ka buɗe babban kanti irin na zamani a wajen Tumfure, mai kanta jere da keken tura kaya, domin ka gaji da zama yaron wani. Tunda a cikin irin wannan kanti nake neman abinci, ni ne mai riƙe da sito da littafin bashi, na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake. Sana'ar tana da albarka, ba na hana ka. Amma in dai 'yancin kai ne ya jawo ka, to ka sani maigidana, wanda sunansa ke jikin allon ƙofa, a cikin abu goma da ke faruwa a kantin nan da ƙyar ya yanke uku da kansa. Sauran wasu ne suke yanke masa, kuma yawancinsu ba su taɓa taka kantin ba.

Fara da farashi. Madara, sukari, taliya, sabulu, man gyaɗa na galan, babu wanda mu ke sa wa kuɗi. Kamfani a Legas ya sanar wa dilolinsa sabon farashi, dila a Kasuwar Singa ta Kano ya ɗora nasa, mai tirela ya ɗora kuɗin man da zai kawo shi ta Darazo da Dukku, mu kuma mu sa 'yar ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A watannin nan dila zai turo maka farashi da safe, ka ce bari ka yi shawara, kafin la'asar ya ce wancan ya wuce. Mun sha sayar da katan da riba a takarda, mu koma sari mu tarar kuɗin da muka karɓa, uwa da riba, ba za su sayi katan ɗin da muka fitar ba. Wasu kayan ma ɓacewa suka yi daga kanta: a ƙarshen 2023 kamfanin Procter & Gamble, masu Pampers da Ariel, ya ce ya daina sarrafa kaya a Najeriya sai dai shigowa da su. Mace ta zo ta tambaya, ka ce babu ko ka faɗi sabon kuɗi, ta harare ka kamar kai ka kore su.

Na san za ka ce ai a can ma ana wannan rigima. Ana yi. A Oktoban 2016, da fam ya faɗi bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, Unilever, mai sarrafa kayan masarufi, ta nemi ƙarin wajen kashi goma cikin ɗari, Tesco, babban kantin can, ta ce albarka, har kayan Unilever suka fara yankewa a shafinta na sayayya kafin a sasanta. Amma Tesco tana riƙe da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na cefanen Birtaniya, kamfani ba ya iya juya mata baya. Kai da reshe ɗaya a Gombe, ka ce wa dila albarka, sai ya ce Allah ya ba da sa'a ya juya motarsa zuwa Babbar Kasuwa. Kuma shi ne yake ba ka kaya bashi na mako biyu ko uku. Duk kantar da ka gani cike maƙil, rabinta ba kuɗin mai kanti ba ne, amana ce ta diloli. Ranar da suka ji ƙishin-ƙishin ka fara jinkirin biya, ba sai sun yi taro ba, kowa zai ce sai kuɗi hannu, cikin wata ɗaya kanti ya yi fayau.

Sai wuta. Mai tireda zai iya kunna 'yar fitilar sola ya ci kasuwarsa. Babban kanti kuwa yana da firiza cike da kaji da kifi da yogot, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kwamfutocin kashiyoyi. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga kuɗin masu Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit. A cikin wannan Afrilun kuma ɓarayi suka kayar da turakun babban layin Jos zuwa Gombe, muka kwashi makonni cikin duhu, Oktoba ta zo kusan duk Arewa ta sake shiga wani. Janareta ba ya shan ruwa, dizal yake sha dare da rana, in ka kashe shi awa kaɗan don tsimi, da safe ka buɗe firiza wari ya tare ka. Mutumin da ya kwance ƙarfen turke a wani daji bai san kana duniya ba, amma shi ya ƙayyade ribarka ta wannan wata.

Maganar banki da mai gida ba sai na ja ta ba. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ka ga abin da bankunan kasuwanci za su nema ya wuce haka, alhali ribar kayan masarufi ba ta kai nan ba. Na san kai ba za ka taɓa bashin ruwa ba. Akwai bankunan Musulunci, Jaiz da TAJBank, amma ko ta murabaha ce, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da riba bashi, wata yana ƙarewa za a zo karɓa. Idan kuma haya za ka kama, mai gida yana ganin motoci sun fara cika ƙofa zai tuna cewa ginin nasa ya yi araha. Abokan haɗin jari su ma, 'yan'uwa ne ko ba 'yan'uwa ba, a shekarar farko kowa mai haƙuri ne, a ta biyu sai ka fara jin “wai ina labarin rabonmu?”

Mai saye fa, wanda ake cewa shi ne sarki? A Gombe sarautarsa ta kwana goma ce a wata. Gari ne na ma'aikata. Alat ɗin albashi na shiga za ka ga layi har bakin ƙofa, daga tsakiyar wata kuwa kashiyoyi sai hira. Shi ya sa ranar da gwamnatin jiha za ta biya albashi ta fi muhimmanci a wurinmu fiye da kowace talla. Kuma mutuminmu bai saba da farashin da ba a tayi ba. Dattijo zai ɗauki buhun shinkafa ya zo gaban kwamfuta ya ce wa yarinya, “'Yata, a rage mini mana.” Ta ce na'ura ce, Baba. Ya ce, “To kira mai na'urar.” Hatsi kuwa ba ma gasa da Tudun Hatsi, can zai auna da kwano, ya sa hannu ya duba, in babu kuɗi a rubuta masa. Abin da yake kawo shi wurinmu shi ne ya yarda kayan ba jabu ba ne, kuma abin da aka rubuta a kanta shi za a karɓa. In wannan ya karye, shi ke nan. Ka tuna a Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta rufe reshen Sahad na Garki a Abuja na ɗan lokaci, kan cewa farashin kanta daban, na wurin biya daban. Tun daga ranar maigida ya sa yara biyu ba su da aiki sai zagayawa suna sauya takardun farashi. Yanzu ma ba sai hukuma ta zo ba, hoton rasit ɗaya a Facebook ya isa ya hana ka barci.

Hukuma kam ba ta da fuska ɗaya. NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magani, tana duba lambar rajista da ranar ƙarewar wa'adi, kuma gaskiya ni ina goyon bayan wannan, don na ga abin da wasu ke yi da madarar yara. Harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 tun Fabrairun 2020. Bayan su akwai na jiha, na ƙaramar hukuma, na allo, na shara, kowa da rasit ɗinsa. Babban kanti ba ya ɓuya, shi ake fara gani.

Unguwa ma tana da nata. Mai unguwa zai turo sunayen yara a ɗauka aiki, masallaci zai turo takarda, kuma kada ka raina wannan, domin ranar da gari ya rikice su ne za su tsaya a ƙofarka ko su kau da kai. Dubi Shoprite, babban kantin nan na Afirka ta Kudu. Sun shigo Legas a 2005 da ƙarfinsu. A Satumban 2019, saboda abin da ake yi wa baƙi a Afirka ta Kudu, matasa suka far wa rassansu a nan, alhali masu aiki a ciki 'yan Najeriya ne. A 2021 uwar kamfanin ta sayar wa 'yan ƙasa ta tafi, tana kukan faɗuwar naira da wahalar shigo da kaya. Reshen Kano na Ado Bayero Mall, wanda muka je kallo lokacin yana sabo kana ta ɗaukar hoto, an rufe shi a Janairun 2024.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk waɗannan da na lissafa suna da abin da za su riƙe ka da shi: dila ya hana kaya, kamfanin wuta ya yanke, banki ya kama jingina, hukuma ta garƙame ƙofa. To idan suka matse mai kanti ta kowane ɓangare, ina yake hucewa? A kan waɗanda ba su da sanda. Akwai mata da suke kawo mana yaji, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu, cincin, a leda mai tambari da suka buga da kuɗin adashi. Akwai mai kawo ƙwai, akwai mai zuma daga ƙauye. Su ba sa ba da sharaɗi. Ajiye kaya suke yi, sai an sayar a biya. A littafina nake gani: kuɗin dila ana tura shi ranar da ya cika, kuɗin mai yaji kuwa “ki dawo jibi, Hajiya.” Wata takan zauna a kan benci bakin sito tun hantsi, goye da yaro, kuɗinta bai kai abin da janareta ke sha kafin azahar ba, amma shi ne jarinta kaf. Idan ba a ba ta ba, gobe ba za ta sayi barkono ba. Haka kashiya: tsayuwar awa goma, in lissafi ya gaza da dubu biyu a cire a albashinta, albashin da a kantuna da yawa bai kai naira 70,000 da doka ta sa a 2024 ba.

Kada ka ɗauka halin namu ne kawai. A Janairun 2016 jami'ar da ke sa ido kan mu'amalar manyan kantunan Birtaniya da masu kawo musu kaya, Christine Tacon, ta bayyana cewa Tesco ta riƙa jinkirta biyansu da gangan don littafinta ya yi kyau. Bambancin shi ne can akwai ofishin da aka kafa don wannan. Nan mai yaji ba ta da inda za ta kai ƙara, sai “Allah ya isa” a zuci.

Sai dai su ma suna ramawa, a hankali. Mai dambun da ya fi kowanne tafiya ta daina kawo mana, ta koma sayarwa ta WhatsApp, kuma matan da suke zuwa dominsa su haɗa da sabulu da madara sun ragu. Yarinyar da ta san kowane kaya da inda yake, ta san wace Hajiya ce ba ta son a taɓa mata burodi, ta tafi ta buɗe POS a bakin titi. Wadda ta maye gurbinta sai ta yi wata uku tana buga kuɗi ba daidai ba. Kuma da yawa daga cikin kayan da ke ɓacewa a babban kanti ba ta ƙofar gaba suke fita ba, ta sito suke bi, a hannun yaron da ya ga ana cin haƙƙinsa. Wannan asarar ba ta fitowa a takarda da sunanta, shi ya sa masu kanti ba sa ganinta.

Shawarata, in ka ƙudura: ka mallaki filin, ka tabbatar takardunsa sun bi ta GOGIS, hukumar filaye ta jihar Gombe. Ka sa sola tun daga gini, ko da za ta cinye kuɗin tayil da ado. Ka fara da rabin girman da kake mafarki, ka ajiye kuɗin sarin wata uku a gefe don kada dila ya zama ubangidanka. Sannan ka sa rana ɗaya a mako, ko Alhamis ce, wadda ƙananan masu kawo kaya za su karɓi kuɗinsu kafin kowa, kuma ka rubuta wannan a yarjejeniyar da za ka yi da abokan jarinka tun kafin a sa bulo, don in an fara matsuwa su ne za su fara cewa a ɗage.

Ka turo mini adadin abin da kake ganin za ka iya haɗawa da lokacin da kake sa ran zuwa, in zagaya Tumfure da hanyar Bauchi in ji kuɗin filaye. Kada ka bari wani dillali ya ji cewa daga waje kuɗin za su zo. Ka gaida uwargida da yara, maiɗakina ma tana gaishe su.

Wassalam,
Naka har kullum.