Godiya Ga Garejin Fentin Da Ya Gyara Min Mota A Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum.

Maigida, kai da yaranka, "na gode" ɗin da na faɗa a bakin gareji ba ta ishe ni ba. Shi ya sa na rubuto a fili, don masu mota a Kano su san har yanzu akwai inda ake aiki da tsoron Allah.

Motata Corolla ce ƙirar 2010, ruwan azurfa. Adaidaita sahu ta goge min ƙofar baya, na kai ta wurin wani mai fenti a bakin titi da safe, da yamma na karɓe ta tana sheƙi. Damina ɗaya ta wuce, wurin ya yi ƙuraje, daga baya ya tsage. A haka na kawo muku ita, raina a ɓace.

Ba ka yi min maganar kuɗi ba sai da ka bi ƙofar da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ka ce nan aka jibga fila, wato kwaɓin da ake shafawa a cike inda ƙarfe ya lotsa. Da yaranka suka kankare kuwa, sai ga tsatsa kwance a ƙasa. Ka ce min fenti ba ya kashe tsatsa, rufe ta kawai yake yi, ita kuma ta ci gaba da cin ƙarfe. Kuka buga ƙofar ta miƙe, kuka goge har farin ƙarfe ya fito, filar da kuka shafa kuma ƴar kaɗan ce, ta cike ƙananan ramuka.

Kwana 3 ana wannan shiri ba a taɓa bindigar feshi ba. Na ƙosa, ka ba ni haƙuri, ka nuna min yadda ake bin samfefa daki-daki: mai lamba 80, sai 180, sai 320, bayan an fesa fentin share fage kuma a bi da 600. Duk wanda ya tsallake ɗaya, zanen gugar zai fito a fuskar fenti da zarar ya bushe.

Wajen launi ne na ƙara yarda da ku. Ka buɗe ƙofar direba, ka nuna min takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ga lambar fentin, 1F7. Shekara da shekaru ina shiga motar ban taɓa lura da ita ba. Duk da haka ba ka tsaya a lamba ba, tunda ranar Kano ta riga ta ci launin. Ka fesa gwaji a kan guntun ƙarfe, ka fito da shi rana, ka kara a jikin mota, har sau biyu ana gyara haɗi. Sannan kuka zarce da feshin kaɗan-kaɗan zuwa ƙofar gaba, don kada ido ya kama inda sabo ya haɗu da tsoho. Ruwan azurfa ba ya rufa wa mai fenti asiri.

Lokacin hunturu ne, ƙura ta cika gari. Na ga kun rufe ɗaki, kun yayyafa ruwa a ƙasa, kun zubar da ruwan da ya taru a tankin iska. Fentin sheƙi da sinadarin da ke ƙarfafa shi da kofin awo kuka haɗa, ba da ido ba. Na kuma ga ka mayar da wani yaro da ya ɗaura tsumma a hanci, ka ce sai ya sa takunkumi mai matatar iska, domin sinadarin nan huhu yake ci, madarar da ake sha bayan feshi kuma ba ta wanke huhu. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, don ɗan wani ne aka ba ka amana.

Shawarar da ka sallame ni da ita ina riƙe da ita: kada a shafa man ƙyalli sai bayan wata 2, kada a wanke da garin sabulun wanki, kada a share ƙura da busasshen tsumma, kashin tsuntsu kuma a wanke shi nan take.

Yau shekara guda ke nan, ta sha damina ta sha rana, ko ƙurji ɗaya babu. Allah ya ƙara kasuwa, ya tsare lafiyarku, ya sa yaran nan su gaji hannunka.

Naku,
Mai Corollar nan daga Gwale