Dan Allah a daina zuba gam a rufin mota in tana yoyo

Assalamu alaikum Malam Edita, ina maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Dan Allah ka bani ɗan fili a jaridarmu mai farin jini inyi magana da 'yan uwana masu tsofaffin motoci, musamman masu gilashin nan na sama da dillalai ke cewa ofin ruf, saboda abun da ya faru dani a daminar da ta wuce bana so ya faru da kowa.

Motata Honda Accord ce ƙirar 2004, irin wadda ake kira EOD, ta hannu na saya kuma wallahi bata taɓa bani matsalar inji ba. A watan Agusta muna dawowa daga Daura da iyali, mun wuce Mashi kaɗan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sai kawai naji ɗigo a kafaɗata, kafin mu shigo Katsina silin motar ya jiƙe ta gefen direba, ruwa na bin ginshiƙin gilashin gaba yana sauka ƙafata, yara a baya sun takure waje ɗaya. Washegari na kaita wani gareji, mai gyaran ko buɗe gilashin baiyi ba yace Alhaji ai roba ce ta mutu, ya ɗauko gam ɗin silikon ya zagaye gilashin dashi gaba ɗaya yace shikenan ka huta. Na biya na tafi. Sati biyu ba'ayi ba ruwan ya dawo, ga gilashi ya daina buɗewa, ga wani warin fumfuna da ya kama motar wanda duk turaren da na saka baya jinsa.

Wani dattijon bakanike ne, abokin mahaifina, ya zaunar dani ya min bayani, kuma bayanin nasa nake so in isar. Yace min ɗana kai ba a gidan ƙasa ka tashi ba? Nace a nan na tashi Baba. Yace toh soro in yana yoyo mi ake fara dubawa, nace indararo. Yace haka rufin nan yake. Ita robar da ke zagaye da gilashin dama can ba'a yita dan ta hana ruwa shiga ɗari bisa ɗari ba, rage shi kawai take. A ƙarƙashin gilashin akwai wani faranti mai kwalbati a gefe gefe wanda ke tare ruwan da ya shigo, kuma a kusurwa huɗu na farantin akwai 'yan ƙananan ramuka, kowane rami an haɗa shi da siririn tiyo. Biyu na gaba suna bi ta cikin ginshiƙan da ke riƙe da gilashin gaba su zubar da ruwan ƙasa ta wajen bayan tayoyin gaba, biyu na baya kuma su sauka ta baya. In ramukan nan suka toshe farantin zai cika ya tumbatsa cikin silin, ko ka zuba gam kwali guda.

Kuma mu nan Katsina muna yawan haɗuwa da wannan. Motocin nan an ƙera su ne dan Amurka da Turai da Japan, su can ganye ne ke toshe musu. Mu kuwa tun daga Nuwamba har Fabrairu ƙurar hunturu ke sauka, ta shige ta gefen roba ta kwanta a kwalbatin nan wata da watanni babu ruwan da zai wanke ta, ga zafin bazara da ke busar da roba ta tsattsage, ga shi duk mai mota inuwar bedi yake nema ya faka, furen bedi da 'ya'yansa da ƙananan ganye duk suna faɗawa ciki. Ruwan farko na Yuni na sauka ƙurar nan ta zama laka ta cushe bakin ramin kamar an yaɓe shi. Shi yasa zaka ga mota duk rani lafiya lau, damina na kankama ta fara kuka.

A gabana Baba ya sa yaransa suka kankare silikon ɗin nan, shi kaɗai ya ci kusan awa biyu dan a hankali akeyi kar a yanka roba ko a kankare fenti. Aka zuge gilashin baya, aka share lakar da tsumma mai ɗan ruwa, sai ga ramukan sun bayyana. Ya ɗauko wata doguwar igiyar roba mai ɗan tauri irin ta kamun kifi mai kauri ya dinga zura ta a hankali yana juyawa, in ya ji ta tsaya baya dannawa da ƙarfi. Sannan ya karɓi buta ya zuba ruwa kaɗan kaɗan a kwalbatin yace in leƙa bayan tayar gaba. Ta dama ruwa ya fito baƙi ƙirin sannan ya washe. Ta hagu shiru. Da aka sassauta silin ta wannan kusurwar ashe tiyon ne ya zame daga bakinsa saboda tsufa, ruwan kai tsaye cikin mota yake zuba. Aka mayar aka ɗaure shi, magana ta ƙare. Ko robar da akace ta mutu bamu canza ba, goge ta kawai akayi aka shafa mata man silikon na roba.

Abubuwa biyu ya ja min kunne akai. Kar in kuskura in kai wa mai faci ya hura iskar kwamfireso mai ƙarfi a ramin, dan ita ke fizge tiyon daga mahaɗinsa a cikin silin inda ido baya gani, kuma kar a zura wayar ƙarfe dan tana huda shi. Ya kuma ce a irin motocin da ke da eyabag, wato jakar iskar nan da ke fitowa in anyi haɗari, a gefen rufi ba kowane yaro ake bari ya ɓalle murfin ginshiƙi ba, a cire kan batir tukunna kuma wanda ya san aikin ya yi.

Abun da ya fi damuna shine mutane na ɗaukar yoyon nan ƙaramin abu, a sa leda a kujera a ci gaba da tafiya. Ruwan baya tsayawa a silin, yana gangarawa ƙarƙashin kafet inda akwai soso mai kauri da ke riƙe shi sati da sati, ƙasan mota ya fara tsatsa daga ciki. A motata akwatin fis yana ƙasan sitiyari ta hagu, kusa da inda ruwan ke sauka, wasu motocin kuma irin su Passat akwai na'urar lantarki a ƙarƙashin kafet ɗin ma. Daga nan sai kaji gilashin ƙofa ya ƙi tashi, lok na buɗe kansa, batir na mutuwa da dare, mutum yayi ta yawo wajen masu wayarin ana canza kaya masu tsada alhali tiyo ne ya toshe. Ni sai da muka cire kujerun gaba muka ɗaga kafet aka shanya kwana uku a rana kafin warin ya tafi.

Kirana ga shugabannin ƙungiyar kanikawa na Katsina da Daura, dan girman Allah ku koya wa yaranku wannan aikin, bashi da wahala, buta da igiya da haƙuri ne. Masu wankin mota ma zasu iya haɗawa da shi in an nuna musu. 'Yan uwana masu mota kuma, a watan Mayu kafin ruwa ya sauka a zuge gilashin a zuba ruwan buta ɗaya a gani ko yana fita ta ƙasa, a sake dubawa in hunturu ya wuce. Mai niyyar sayen ta hannu shima ya ɗaga kafet ya taɓa soson da hannunsa ya shinshina kafin ya biya kuɗi.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karatunku daga Ƙofar Marusa, Katsina