Wasiƙa Daga Argungu: Ka Koma Wa Kindirmo Da Daddawa

Argungu,
Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya Fatakwal, yaya kuma fama da ruwan sama? Mu nan bazara ta kankama, ruwan Matan Fada ya ja baya, masu noman rani suna ta yankan shinkafa a fadama. Mutanen gida duk lafiya lau.

Saƙonka ya iso, kuma gaskiya ya tsaya mini a rai. Ka ce kumburin ciki ya hana ka sakat, ƙwannafi yana tashinka cikin dare, wani lokaci ka yi kwana uku ba ka zaga ba. Ka ce kullum akwai maganin olsa a aljihunka, da ƙwayar ciwon jiki saboda gajiyar aiki. Wannan ba maganar waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta.

Kafin mu zo batun abinci, ka je asibiti a gwada ka. Mu a nan duk wani zafin ciki sunansa olsa, kuma kowa ya ce yunwa ce ta kawo shi. Alhali tun farkon shekarun 1980 likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005 saboda wannan. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako biyu. Sanadi na biyu shi ne irin ƙwayoyin ciwon jikin nan, su ibuprofen da diclofenac, masu cin bangon tumbi, balle a sha su ciki wayam. Don Allah ka ajiye su har ka ga likita. Idan kuwa ka ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko amai da jini, ko rama ba dalili, ko abinci yana tsaya maka a maƙogwaro, kada ka jira gobe. Kindirmo ba ya maganin waɗannan.

To, sai abincin. Da ka lissafa mini cimarka na ga inda gizo ke saƙa: shayi da burodi da safe, taliyar leda ko farar shinkafa da lemon kwalba da rana, da dare kuma tsire a bakin titi. Tuna abin da muka tashi da shi. Koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka. Hura da nono da azahar. Kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli-ƙuli da la'asar. Kusan kowane cikinsu ko dai mai tsami ne da ya kwana, ko ganye ne, ko hatsi da dusarsa. Duk ka bar su a lokaci guda, cikinka kuma ya shaida.

Ka san aikina koyar da ilimin halittu, to bari in yi maka darasi kaɗan. A cikin hanjin mutum, musamman babban hanji, akwai ƙwayoyin bakteriya da aka ƙiyasta sun kai tiriliyan 38. Mafi yawansu ba masu cuta ba ne. Su ke cinye abin da tumbi da ƙaramin hanji suka kasa narkarwa, wato faiba ta wake da ganye da dusar hatsi, su mayar da ita wasu sinadarai da bangon hanjin kansa ke rayuwa a kansu. Suna kuma tare wa masu cuta wuri. Lamarin kamar fadama ne: in ta cika da shuka mai kyau ciyawa ba ta samun gurbi, in aka bar ta fayau kome ya ga dama sai ya tsiro. Farin burodi da sukari suna narkewa tun a sama, ba abin da ke isa ga waɗannan bayin Allah. Ga kuma kafso ɗin da mutanenmu ke saye a kemis su haɗiya da zarar ciki ya murɗa, wanda ba ya tantance mai amfani da mai cuta, duka yake kashewa.

Nono shi ne na farko da nake so ka koma wa. Na san za ka ce madara tana ɓata maka ciki, kuma gaskiyarka. Yawancinmu in mun girma jikinmu yana rage yin sinadarin da ke narkar da sukarin madara, wanda ake kira laktos, sai ya wuce hanji ya zama iska da gudawa. Fulani da yawa sun gaji ikon narkar da shi har tsufa, mu kuwa ba kowa ba. Amma idan madara ta kwana ta yi tsami, bakteriyar da ke cikinta sun riga sun cinye wani kaso na wannan sukari sun mayar da shi tsami, kuma suna shiga ciki da ransu su taya narkar da saura. Shi ya sa mutumin da ba ya iya shan kofin madara zai sha ƙwaryar hura da nono ya kwana lafiya. Tsamin nan kuma yana hana ƙwayoyin cuta da yawa yaɗuwa a cikin nonon.

Ba sai ka nemi ruga a Fatakwal ba. Maiɗakinka za ta iya haɗa kindirmo da madarar gari. A tafasa ruwa, a dama madarar da kauri, a bari ta huce har yatsa ya iya jure ɗuminta. Sai a zuba cokali biyu na kindirmo ko yogot marar sukari a matsayin iri, a rufe a roba mai tsabta, a ajiye wuri mai ɗumi awa 6 zuwa 8 ba tare da an motsa ba. In ya kama, a ɗebi na iri a ajiye don gobe. Wanda ake sayarwa a roba mai zaƙi kamar alewa, cike yake da sukari, wani ma an sake dafa shi bayan ya yi tsami, ba sauran mai rai a ciki.

Wani abu da ba na wasa da shi ko a nan gida: madarar shanu sai an tafasa kafin a kwantar. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar burusela mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Haka ruwan da ake sirka nono da shi. Yanzu da rani nono ya yi wuya, wasu masu talla suna ƙara ruwa da garin kuka don ya auku. Kukar ba laifi, ita ma abinci ce. Ruwan ne abin tsoro in ba a san daga inda aka ɗebo shi ba, kuma ka san yadda amai da gudawa ke yi mana ɓarna da damina.

Turawa sun daɗe da sa ido kan amfanin nono mai tsami. Wani masani haifaffen tsohuwar daular Rasha, Élie Metchnikoff, da ya yi aiki a Cibiyar Pasteur ta Faris kuma ya sami Nobel a 1908, ya ɗauka tsawon ran manoman Bulgeriya daga nono mai tsami yake. A ganina ya zarce, don tsawon rai ba a ƙwarya ɗaya yake ba. Amma a wani nazari da aka wallafa a 2021, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun raba mutum 36 gida biyu na mako 10, wasu suka yawaita abinci mai tsami irin yogot da kabejin Koriya da ake kira kimci, wasu suka yawaita faiba. Masu cin mai tsamin aka ga nau'o'in bakteriyar hanjinsu sun ƙaru, alamomin kumburi a jininsu sun ragu. Mutum 36 ba yawa ba ne, kuma ba kindirmonmu aka gwada ba, amma dangin ƙwayoyin da ke tsamar da nasu su ne ke tsamar da namu.

Sai koko. Dubi wahalar da iyayenmu mata ke sha kafin a dama shi: a jiƙa gero ya kwana, a wanke, a niƙa da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar gasarar ta kwanta har ruwan tsami ya taso sama. A cikin hatsi akwai wani sinadari, fayitet, da ke riƙe ƙarfe da zink ya hana jiki tsotse su. Jiƙon nan da tsamin nan suna karya shi. Gaskiya ne tafasasshen ruwan da ake dama koko da shi yana kashe bakteriyar, to amma sun gama aikinsu tun kafin nan, sun sassauta hatsin. Haka ƙullun waina da na sinasir da ke kwana ya tashi. A kasuwarku ka tambayi akamu, shi ne kamun masara, ko ku sayi gero a wurin 'yan Arewa ku yi naku. Sukarin dai a sa masa hannu da sauƙi, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

Daddawa kuwa ina jin takaicin yadda muka yi watsi da ita. Yarinya ta yi aure yau, ta ce wari take mata, sai ta watsa dunƙulen magi huɗu biyar a tukunya ɗaya. Ka tuna yadda Goggo ke yin tata? Kalwa ta wuni a kan wuta, a surfa ta da toka a cire ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe da ganye da tsumma kwana biyu zuwa uku, har ta yi zafi da kanta ta fara yauƙi. Wata bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis ke wannan aiki, tana farfasa furotin ɗin kalwa, wanda ɗanyensa ba ya ciwuwa, ya zama abin da jiki ke ɗauka cikin sauƙi. Ɗanɗanon da ke fitowa shi ne dai wanda ake kwaikwayo a dunƙulen kanti, sai dai na kanti mafi yawansa gishiri ne. Ita wannan bakteriyar ce mutanen Japan ke sarrafa waken suya da ita su yi abincinsu natto, suna alfahari da shi, mu muna toshe hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, kuma a gidanku akwai hawan jini, kada ka manta da Baba, Allah ya jiƙansa. In miya ta sami daddawa isasshiya, rabin magin ma ya wadatar. Yarbawa suna da irin tamu ta kalwa, iru, za ka same ta a wajenku. Ta batso dai, ta 'ya'yan yakuwa, sai an aiko maka.

Sai dai ka bambanta tsami da ruɓa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, ta canza launi ko ta yi ɗaci, zubarwa ake yi. Gubar da ke cikinta tana lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A gari mai laima irin naku wannan ya fi saurin faruwa, don haka kada ku sayi abin da zai daɗe a ajiye.

Duk tsamin duniya ba zai sa ka zaga ba in babu ganye da wake da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ba sai tufa da inabi ba. Zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, yalo, gwanda, mangwaro, goba, ga ugu da ya cika kasuwarku. Wake sau uku a mako, a jiƙa shi ya kwana a zubar da ruwan kafin a dafa, zai rage iska. Shinkafa kuma ka nemi gumi irin tamu, wadda aka turara da ƙaiƙayinta, don turarawar tana tura sinadaran bitamin B cikin ƙwayar, ba su tafi duka wurin casa ba. Abin kunya ne ɗan Kabi ya zauna yana cin farar shinkafar da aka goge ta tas.

Ka bi a hankali. In ka tashi rana ɗaya ka cika ciki da wake da rama da kindirmo, kumburin zai ninka, ka ce na cuce ka. Fara da rabin kofin kindirmo a rana da ganye a abinci ɗaya, bayan mako ka ƙara. In ka lura wani mai tsami yana tayar maka da ƙwannafi, ka dakata da shi, jiki ba ɗaya ba ne. Kada ka ci ka kwanta nan take, bar awa biyu zuwa uku tsakani, wato a ci tuwon dare bayan magariba, ba ƙarfe goma sha ɗaya ba. Shayi mai kauri da goro a ciki wayam, ka rage. Jiƙon kanwa da wani zai ce maka ka sha don ƙwannafi, yana kwantar da shi na ɗan lokaci, amma cike yake da sinadarin gishiri, bai dace da mai gadon hawan jini ba. Bayan isha ka ɗan taka da ƙafa daga masallaci maimakon hawa mashin.

Inna ta ji labari, ta riga ta sa an daka maka kuka, ga busasshiyar daddawa ta kalwa da ta batso, da garin hura mai yaji, da busasshen zogale, da ɗan buhun gumi. Zan bai wa direban motar albasa da ke zuwa wajenku daga Aliero, in ya tashi zan kira ka ka tare shi. Daddawar a shanya ta in an sami rana, a ajiye a kwalba mai murfi.

In ka karɓi sakamakon gwajin ka ɗauki hotonsa ka turo mini, da sunan magungunan da aka rubuta maka, kuma ko ka ji sauƙi a kwana na uku ka shanye su duka. Ka gaishe da maiɗakinka da kyau, ka shafa mini kan yara. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini,
daga Argungu.