Wasiƙa zuwa ga Yaya a Daura, game da gem da katun ɗin yara

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da iyali duka. Na samu saƙonka cewa gem da katun sun ɗauke hankalin yara har kana shirin ƙwace wayar, kuma Inna ba ta son littattafan nan masu dodanni da matsafa. Ina roƙon ka ji ra'ayina kafin ka yanke hukunci, domin abubuwan nan uku ba ɗaya ba ne.

Littattafan almara ba su dame ni ba. Mu da muka tashi da labarin macijin rijiyar Kusugu, wanda ba ya bari a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, mun san yaro yana iya jin labarin dodo imaninsa bai girgiza ba. Aibinsu a wurina shi ne da yawa suna maimaita juna, kullum maraya ne zai ceci wata masarauta mai kama da Turai. Amma littafi yana da ƙarshe, yaro ya rufe shi ya kwanta.

Katun kuma a lura, zane ba ya nufin na yara ne. Akwai na Japan da aka yi wa manya, cike da zubar da jini da rashin sutura, don haka ka kalli kashi ɗaya da idonka kafin ka bar musu.

Gem ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Akwai wanda ake saye sau ɗaya, yana da labari da matakai, yana koya wa yaro haƙuri da tsara dabara, sannan ya ƙare. Akwai kuma na waya da ake cewa kyauta ne, wanda aka gina shi don kada ya ƙare: yana ba yaro tukuici idan ya shiga kowace rana, yana kuma sayar masa da akwatin sa'a, ya biya kuɗi bai san abin da zai fito ba. Nan Beljiyam, a 2018 hukuma ta ce irin wannan akwatin caca ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da gem cikin jerin cututtuka, sai dai ba yawan wasa kaɗai take nufi ba, tana nufin yaro ya kasa dainawa ko da karatu da barci suna lalacewa. Ƙasar Sin ma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa awa 3 a mako.

Shawarata, kada ka ƙwace wayar, domin gidan gem na unguwa za su koma inda ba ka gani. Ka cire katin banki daga wayar, ka goge duk gem mai akwatin sa'a, ka duba lambar shekarun da aka sa wa kowanne. A Turai 3, 7, 12, 16 da 18 ne, kuma abin da ke ciki take aunawa, ba wuyar wasan ba. Lokacin salla da makarantar allo ba na waya ba ne.

Ka turo mini sunayen waɗanda suke bugawa, zan duba su ɗaya bayan ɗaya. A gaishe mini da Inna, a ce ina neman addu'arta.

Ƙaninka,
daga Beljiyam