Zuwa ga mutumina na Fatakwal, kan Auta da Turancin buri

Jekadafari, Gombe

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Ya ruwan Fatakwal? Wata huɗu ko ɗuriyarka ba a ji ba, sai da buƙata ta taso aka tuna da mutanen Gombe. Ba komai, mun san hali. Shekaranjiya ma a majalisa aka tayar da zancen hular nan taka, har yanzu ba a gama dariya ba.

Saƙonka a kan Auta ya iso. Ka ce yana shirin jarrabawar Turanci ta IELTS don aikin jinya a Ingila, ya cika littafi da kalmomi, amma da an tambaye shi burinsa sai harshe ya sarƙe. Abin ya dame ni, domin hukumar ma'aikatan jinya ta can maki 7 take nema a ɓangaren magana. Ɓangaren duka minti 11 zuwa 14 ne. A kashi na biyu za a miƙa masa kati, a ba shi minti ɗaya ya shirya, sannan ya yi ta magana shi kaɗai har zuwa minti biyu, kuma zancen buri da shirin gaba yana cikin abin da ake yawan tambaya. Ka miƙa masa wannan takarda ya karanta da kansa, kada ka fassara masa da Turancinka na bakin tasha.

Mu da kalmar buri guda muke cin kasuwarmu, ko na zuwa Hajji ne ko na sayen babur. Bature kuwa ya raba abin gida-gida. "Dream" shi ne mafi nisa, ba rana ba tsari, kamar Auta ya ce wata rana zai gina asibiti a Dukku. "Ambition" babban buri ne da aka daɗe ana riƙe da shi, yawanci na aiki ko matsayi. "Goal" shi ne wanda aka tsayar kuma aka fara yi wa aiki. "Target" sai da lamba da wa'adi: maki 7 kafin ƙarshen shekara. "Objective" ya bar wa takardar ofis, a baki yana da nauyi.

Wadda nake so ya fi kula da ita ita ce "purpose". Ita ba wurin da za a kai take nufi ba, dalilin tafiyar take nufi, amsar "don me". Zama ma'aikacin jinya "goal" ne. Son mata su daina rasa rayukansu wajen haihuwa a ƙauyukan da asibiti ya yi wa nisa, wannan "purpose" ne. Ɗalibin da ya iya faɗin biyun a jere, ya bambanta su, minti biyu ba za su ishe shi ba ma. Ya kuma lura, "on purpose" da gangan ake nufi. Wanda ya ce yana rayuwa "on purpose" bai faɗi abin da yake so ba, "a sense of purpose" yake nema.

Inda haddar littafinsa take kayar da shi: kowace kalma da aikatau nata take tafiya, kamar tuwo da miya. "Goal" ana "set" ɗinsa, sannan a "achieve" ko a "reach". "Target" ana "meet", in an gaza a ce "miss". "Dream" ana "pursue", in ya tabbata a ce "it came true". Mu muna cewa cika buri, sai yaro ya ɗauko ta ɗanya ya ce "fill my ambition", alhali "fulfil" ce. "Score a goal" kuwa na filin ƙwallo ne, abin da ƙungiyarka ta manta yadda ake yi tun bara.

Af, kafin in manta. Ɗan gidan kawunka na Pantami an sa masa rana, bayan girbi za a ɗaura. An ce in gaya maka ba a karɓar uzuri ta waya. Damina ta yi kyau, masara ta yi goyo ta wajen Dadin Kowa, sai dai kukan tsadar taki a bakin kowa. Mai shayinmu ya tashi daga bakin kwalbatin nan ya koma gaba kaɗan, kuma ya ce bashinka yana nan a rubuce.

To, mu koma. Ƙananan kalmomin da ke biyo baya su ma suna cin maki. "I aim to become" da "my goal is to become" daidai ne. Amma bayan "of" da "in" aikatau yana ɗaukar "ing": "I dream of becoming", "I succeeded in passing". Mafi yawan tuntuɓe a "look forward to" ake yi. Wannan "to" ɗin ba irin na farko ba ne, shi ya sa ake cewa "I look forward to working". Ya kuma daina tsayawa a "I want to further" kamar yadda ake faɗa a nan gida. Mai jarrabawa zai yi ta jiran sauran, sai ya ƙarasa da "my education" ko "my studies".

Sai furuci, wanda nan ne bakinmu yake da aiki. "F" ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa "purpose" take fita kamar "furfos". Ya riƙe ƴar takarda a gaban bakinsa, ya rufe leɓɓa ruf, ya sake su da iska. In takardar ta motsa, "p" ta fita. Nauyin murya a "purpose" a gaɓar farko yake, ta biyun a taƙaice. In ya kai nauyin baya sai ta karkata zuwa "propose", wato neman aure. "V" ta "achieve" haƙoran sama ake ɗorawa a leɓen ƙasa, in ba haka ba ta koma "b". "Career" nauyinta a ƙarshe, kada ta zama "carrier", mai ɗaukar kaya. "Vocation", aikin da mutum yake jin don shi aka yi shi, harafi ɗaya ya raba ta da "vacation", hutu.

Kullum kalma biyar ko shida sun isa, kowacce da aikatau nata, ya gina jimla uku a kan rayuwarsa shi kansa. Da dare ya kunna rikodar waya, ya yi magana minti biyu cif ba tsayawa, ya saurara, ya sake. Kada ya haddace amsa gaba ɗaya. Masu jarrabawar an horar da su gane hadda, kuma da tambayar ta ɗan sauya sai ya rasa bakin zaren.

Ka ce ya turo min rikodin farko ta WhatsApp kafin Juma'a, in ji "p" ɗin nan da kunnena. Ka gaida uwargida, ka shafa min kan yara. In za ka zo bikin, ka taho da busasshen kifin da ka yi alkawari tun Sallar bara.

Naka,
mutuminka na Jekadafari