Barka da Sallah Umma, daga Birmingham

Assalamu alaikum Umma, barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina Baba, ina su Yaya da iyalansu, ya hidimar layya? Na yi ta kira ranar Sallah sabis ɗin ya ƙi, muryarki ta zo ta yanke ga kuma hayaniyar gidan, shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta Auta ta karanta miki in an natsu da daddare.

Mu dai lafiya lau muke alhamdulillah. Azumin Arfa ne ya ɗan ba mu wuya, kinsan yanzu nan rani ne a wajensu, rana bata faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, asuba kuma tun ƙarfe uku ta yi, kusan awa 18 kenan mutum na riƙe da baki, kuma ina wajen aiki a tsaye ina fama da tsofaffina. Ranar Sallar ma nan ba hutu bace, sai da na roƙi wata abokiyar aikina ta karɓar min ranar ni kuma zan yi mata ta Kirsimeti, haka muke yi. Yara kuma makaranta na ba su kwana ɗaya tal in iyaye sun rubuta cewa ranar ibada ce.

Idi a masallacin unguwarmu muka yi, zubi na biyu, don nan masallaci baya ɗaukar jama'a sai a yi sallar kashi-kashi. Akwai babban fili a Small Heath da ake haɗuwa dubban mutane in gari ya yi kyau, amma da yara biyu da neman wajen ajiye mota Abbansu yace a'a. Mutanen Pakistan ne suka fi yawa, sai Somalawa da 'yan Yaman da Bangaladash, mu baƙaƙen Afirka ta Yamma kuma jefi-jefi, in kika hango babbar riga da hula zanna a cikin sahu sai kiji kamar ki ruga ki gaida mutum ko baki sanshi ba. Mijinki ya sha shaddar da kika aiko, hannun ya ɗan yi masa tsawo na naɗe, yana ta taƙama. Kishiyarki kuwa kuka ta sa wai ɗankwali na matse mata kai, ƙunshin ma ni na zauna na yi mata shi da lallen da ake saidawa a Alum Rock, bai kama kamar na gida ba amma dai ta samu abin nunawa a makaranta.

Maganar layya kuma Umma abin sai dai dariya. Nan doka bata yarda ka jawo rago ka kayar a tsakar gida ba, dole sai a mayanka mai lasisi. Tun kafin Sallah zaka je shagon mai naman halal ka biya ya rubuta sunanka, bayan an sauko idi su yanka can inda ba ka gani, sai a kira ka kazo ka ɗauka. Namu sai washegari da yamma ya iso, a yayyanke cikin leda, ba fata ba kai ba ƙafa, kayan cikin ma sai da Abbansu ya saya daban. Dana ɗora suya kuwa ƙararrawar hayaƙin nan ta gidan ta dinga ihu, na bubbuɗe tagogi, maƙwabciyata Baturiya ta leƙo ko gobara ce, ƙarshe dai ta tafi da kwanon soyayyen nama tana godiya. Ragowar muka rarraba ma Somalawan da ke samanmu da wasu ɗalibai 'yan gida samari da basu da mai dafa musu.

To ranar Lahadi sai Abbansu yace tunda babu yawon Sallah babu hawa bari mu fita da yaran su ga teku. Muka hau jirgin ƙasa daga tashar New Street zuwa wani gari a Wales wai shi Aberystwyth, sunan ma har yau ban iya faɗinsa daidai ba, tafiyar awa uku ce. Jirgin in ya kai wani ƙaramin gari Machynlleth rabuwa yake yi gida biyu, rabi ya nufi inda zamu rabi ya bi gaɓar teku ya yi arewa, saboda haka mai duba tikiti sai da ya bi yana tambayar kowa inda zashi. Umma tunda muka wuce Shrewsbury ban ƙara ganin komai ba sai duwatsu kore shar da tumaki, tumaki ko ta ina har saman tsauni, babu makiyayi babu sanda, an dai shafa musu fenti ja ko shuɗi a gadon baya don kowa ya gane nasa. Yankin nan tumakinsa sun ninka mutanensa kusan sau uku, mutanen basu fi miliyan 3 da ɗoriya ba. Ina kallo ina tuna yadda Baba ke kai-komo a kasuwa ana ja-in-ja kan rago ɗaya.

A cikin jirgin ne mijinki ya tambaye ni wai naman da muka ci jiya daga jikin irin waɗannan yake? Nace eh. Yayi shiru, can yace to waye ya yanka, nace ban sani ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai har muka sauka. Yaro shekara bakwai bai taɓa ganin an riƙe rago an yi bisimilla ba, bai san fiɗa ba, bai san a aike shi da kwanon nama gidan Gwaggo a bashi goron Sallah ba, shi Sallah a wajensa sabon kaya ne da rashin zuwa makaranta. Mu a shekarunsa ai tun sati biyu kafin Sallah muke yawon neman harawa, mu raɗa ma ragon suna, ranar yanka mu sha kuka sannan mu fi kowa cin hanta.

Garin dai ya yi kyau, akwai kangon wata tsohuwar ganuwa a bakin ruwa, da wani ɗan jirgi da ake ja da waya yana hawa tsauni tun 1896 yake aiki, muka hau ina ta salati yara na min dariya. Ruwan sanyi ƙarara, ƙafa kawai suka tsoma. Wani tsuntsun teku ya fizge dankalin kishiyarki daga hannunta, kukan da ta yi sai da mutane suka juyo. Kuma mutanen wajen suna da yarensu daban ba Turanci ba, duk allon hanya da shi ake fara rubutawa, na ji uwa na yi ma ɗanta faɗa da shi a tasha. Nawa kuwa in na yi musu Hausa suna ji sarai amma da Turanci zasu amsa, don Allah Umma in kin kira kada ki biye musu, ki matsa sai sun mayar miki da Hausa ko da gwaranci ne.

Shi yasa muka yanke shawara ni da Abbansu, baɗi in Allah ya kai mu a Zariya zamu yi Babbar Sallah. Da abin da ke hana mu makaranta ce, nan in ka cire yaro ana cikin karatu tara ake cin ka, fam 80 kowane yaro kuma uwa daban uba daban. Amma tunda Sallar na matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, ta baɗi, wato 2026, zata faɗo ƙarshen watan Mayu, daidai lokacin da suke samun hutun sati ɗaya. Mun fara tara kuɗin jirgi tun yanzu don tikitin mutum huɗu ba wasa bane. Ki ce ma Baba ragon baɗi mu zamu saya, kuma mijinki ne zai riƙe ƙafa, sannan a kai su kallon hawa ƙofar fada ko da kwana ɗaya ne.

Sai maganar Yaya ƙarami da yake ta min saƙo kan zuwa aikin kula da tsofaffi. Ki faɗa masa kada ya saida filinsa ya ba wani ejan, tun watan Maris na 2024 an hana masu irin bizar nan zuwa da mata da yara, mu Allah ne yasa mun riga shigowa, kuma a watan Mayu na 2025 gwamnati ta sanar zata rufe ɗauko ma'aikatan daga waje gaba ɗaya. Akwai waɗanda na sani da suka biya miliyoyi suka iso babu aikin, suna kwana a falon mutane.

In an samu mai tahowa a haɗo min kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji, amma banda kilishi da dambun nama da man shanu, a filin jirgi suke ƙwacewa su zubar. Na tura ɗan abin Sallah ta wajen Yaya babba, a cire na Gwaggo da na Inna mai waina, sauran ki raba ma jikoki yadda kika ga dama. A gaida Baba da kyau, a gaida Kawu da mutan gidansa, Abbansu ma yana gaisuwa yace a sa mu a addu'a.

Taki,
'yarki ta Ingila