Wasiƙa daga tsibirin Moris

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ni ma lafiya lau, sai kewar gida.

Ka tuna madacin bayan makarantarmu, wanda masu sassaƙe suka yi ta ɓare wa baya har ya bushe a tsaye? Shi ya faɗo mini a rai ranar Asabar a lambun garin Curepipe, a nan Moris. Akwai wata bishiya a can, dangin kwakwa, masana na kiranta Hyophorbe amaricaulis. Siririya ce, tsawonta kamar mita 12, an kewaye ta da ƙarafa. Ita kaɗai aka sani ta rage a duniya. Furenta na namiji da na mace ba sa buɗewa lokaci ɗaya, don haka ba ta ba da iri mai tsirowa. Ba ta da reshen da za a yanka a dasa, ba ta kuma fid da 'ya'ya a gindi kamar dabino. Na daɗe tsaye ina kallon ganyenta, wallahi jikina ya yi sanyi. Guguwa ɗaya ta isa ta kawar da ita.

Akwai kuma wata bishiyar a Rodrigues, wani tsibiri na ƙasar Moris, ana ce mata café marron, 'yar dangin kofi. An ɗauka ta ƙare, sai wani malami ya nuna wa ɗalibansa hotonta, wani yaro ya gano ƙwaya ɗaya a bakin hanya. Da labari ya bazu, mutane suka ce magani ce, kowa ya zo da wuƙarsa, sai da aka yi mata shinge a kan shinge. A 1986 aka kai reshenta lambun Kew a Landan, ya kama, ya yi ta fure shekara da shekaru babu iri, sai a 2003 aka samu. Yanzu an mayar da zuriyarta gida.

Ka ga wadda aka addaba da yanka ta sami mafita, domin tana da reshe. Ta Curepipe kuwa babu mai taɓa ta, amma ita na fi jin tsoron rasawa.

Don Allah in madacin ƙofar gidanku ya zubar da 'ya'ya bana, ka sa yara su tattara su shuka a leda, kada su bar su su daɗe a ajiye. Ka gaishe mini da kowa.

Naka har kullum,
amininka